Kunkuru, zomo da dodon koɗi: aikin sandunan giyar ƙaramar tarakta

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mazaunin Hotoro ne a nan Kano, ina ɗan taɓa noman rani a wajen Kura. Bana na sayi ƙaramar tarakta ta hannu, wato wadda aka riga aka yi aiki da ita, ƙirar Japan, mai ƙarfin doki 25, haɗe da rotabeta mai niƙa ƙasa. Ban da sandar giya da kowa ya sani, akwai wata mai hoton kunkuru da zomo, da kuma wata 'yar ƙarama kusa da ƙasan kujera mai hoton dodon koɗi. In aka sa ta ƙarshen nan sai injin ya yi ta ruri amma da ƙyar taraktar take motsi. Direbana ya ce giyar ƙarfi ce, ta fita daga taɓo da jan kaya masu nauyi. Gaskiya ne? Sannan me ya sa sandar kunkuru take yin ƙara in za a canza ta? Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sanya albarka a cikinta, Ya sa a mora lafiya.

Ɗan'uwa, tun kafin ka gama karanta wannan amsa, ka kira direbanka ka ce masa kada ya kuskura ya ja wani abu mai nauyi alhali sandar dodon koɗi tana ciki. Ban ga laifinsa ba, haka ake faɗa a gari, kuma maganar tasa tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wannan ɗan ƙamshin gaskiyar ya karya ƙarfe a taraktoci da yawa da suka biyo ta hannuna. Zan zo kan dalilin, amma bari mu faro daga tushe.

Injin tarakta yana da inda yake jin daɗin aiki. A irin taka, ƙarfinsa yana fitowa ne in yana juyi wajen 2,000 zuwa 2,600 a minti ɗaya. In ka sauke shi ƙasa sosai zai ci gaba da tafiya, amma da ka ɗora masa aiki sai ya fara tari da baƙin hayaƙi ya mutu. To ita kuma taya ba ta buƙatar ko kusa da wannan juyin. Mu ƙaddara tayarka ta baya tana cin mita 3 a kowane juyi, wanda kusan haka ne a ƙananan nan, injin kuma yana kan 2,400. In kana kan kwalta kana gudun kilomita 18 a awa, tayar juyi 100 kacal take yi a minti, ke nan sai injin ya juya sau 24 kafin ta juya sau ɗaya. In kana niƙa ƙasa a kilomita 2 a awa, tayar juyi 11 take yi, injin yana juyi sama da 200 a kan kowane ɗaya. In kuwa ka sa dodon koɗi, tana iya saukowa ta riƙa juyi 2 a minti, mita 6 ke nan, injin yana juyawa sau 1,200 kafin ta cika zagaye guda.

Dubi nisan da ke tsakanin 24 da 1,200. Sanda ɗaya mai lamba huɗu ba za ta iya haɗa wannan tazara ba, sai dai a yi giyabos, wato akwatin giya, mai girman ɗaki. Shi ya sa masu ƙira suka jera ƙananan giyabos biyu ko uku, ɗaya a bayan ɗaya, kowane yana karɓar juyin da na gabansa ya rage ya ƙara ragewa. Sandar da ka sani, mai lamba ɗaya zuwa uku ko huɗu da ribas, ita ce ta farko. Mai kunkuru da zomo ita ce ta biyu. Kanikawa suna ce mata hai da lo, ni kuma in ina koya wa yara sai in ce sandar zango, don ita take zaɓar maka zangon gudun da za ka zauna a ciki. A wasu taraktocin harufa ne a jikinta, L (kunkuru) da H (zomo), ko L da M da H in zango uku ne. Ka ɗauke ta kamar gidan bene: sandar zango tana kai ka hawa na ƙasa ko na sama, babbar sanda kuma ita ce ɗakunan da ke cikin wannan hawan. Lamba huɗu a zango biyu sun zama giya 8, a zango uku sun zama 12. Dodon koɗi kuma ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, ita ake kira giyar rarrafe. A wasu ƙirar tana aiki da kowane zango, a wasu kuma sai sandar zango tana kan kunkuru sannan take shiga.

Abu biyu ƙanana a nan. Hoton kunkuru da zomo yana nan kuma a jikin totur na hannu, kada a rikita su. Sannan tun da giyoyin a jere suke, in sanda ɗaya ta tsaya a firi to taraktar ba za ta gusa ba ko da sauran suna ciki. An sha tasowa da ni daga gida a ce giya ta mutu, in je in tarar ƙafar direba ce ta ture 'yar sandar rarrafe ta tsaya a tsakiya.

Wanda ya saba da Massey Ferguson, irin su 375 da suka cika gonakinmu, ya riga ya san wannan tsari ko bai san sunansa ba: doguwar sanda da gajeruwa a tsakanin ƙafafu, giya 8 gaba, 2 baya. Yadda suka yi nasu zangon yana burge ni har yau. A bayan giyabos akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora a tsakiya, wasu ƙanana suna kewaya shi kamar akuya da turke, dukansu kuma a cikin wani zobe mai haƙora ta ciki wanda aka ɗaure shi ba ya motsi. In ka sa H, juyin yana wucewa kai tsaye. In ka sa L, sai a karɓi juyin daga abin da ke riƙe da ƙananan masu kewayawa, wanda sai na tsakiya ya juya sau huɗu sannan ya juya sau ɗaya. Saboda haka kowace lamba a L rubu'in gudunta ne a H. Kuma gajeruwar sandar tana da wuri a tsakiya mai harafin S, wanda in ba a nan take ba injin ba zai tashi ba. Da gangan aka yi, don kada mutum yana tsaye a ƙasa ya murɗa makulli ta taka shi. Duk wanda ya haɗe wayar nan don wai tana ba shi wahala, ya cire wa kansa garkuwa.

Yanzu batun ƙarar da kake ji. Giyar mota tana da wasu zobba da suke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, shi ya sa kake canzawa kana tafiya lami lafiya. Sandar zango da ta rarrafe a mafi yawan ƙananan taraktoci ba su da wannan. Haƙori ne tsirara yake shiga tsakanin haƙora. In ɗaya yana juyi ɗaya yana tsaye, dole su goge juna, kuma wannan ƙarar da kake ji bakin haƙoran ne yake ɓantarewa. Ƙa'idar ita ce a sauke totur, a taka kuloci har ƙasa, a taka birki taraktar ta tsaya cak, a ɗan jira kamar numfashi biyu, sannan a tura sandar. In ta ƙi shiga, haƙoran ne suka yi karo baki da baki. Sai a ɗan saki kuloci kaɗan su gusa, a sake takawa, za ta faɗa da kanta. Ba a dukanta da tafin hannu, ba a taka ta da ƙafa, ba a zura mata bututu a danna.

In an yi duk wannan tana tsaye amma ƙarar ba ta daina ba, to kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. Taɓa fedar da hannu ka ji wasan da take yi kafin ta fara tauri. A yawancin irin taka santimita 2 zuwa 3 ne. In ya wuce haka sosai, gyaran ɗan ƙarfen da ke jan kulocin ne, aikin minti goma. Ranar da za ka canza man giya kuma ka tsaya a wurin da kanka ka kalli murfin da ake kwancewa a ƙasa. Sau da yawa yana da maganaɗisu. In ka ga baƙin laushi kamar kwalli a jikinsa, wannan cin yau da gobe ne, ba komai. In ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli kamar tsakin masara, to haƙoranka ne a hannunka.

Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: me ya sa za a yi wa tarakta giyar da ɗan tatata zai riga ta isa bakin gona? Mai son tafiya a hankali ba sai ya rage totur ba?

Amsar tana bayan taraktar, a wannan guntun ƙarfe mai tsaga-tsaga da yake juya rotabeta, wanda ake kira fitiyo, za ka ga an rubuta PTO a jikin sandarsa. Shi ba ruwansa da giyar da ka sa wa taya. Daga injin yake karɓar juyinsa. Yawancin kayan aikin da ake ɗaura masa an ƙera su ne a kan juyi 540 a minti, kuma ba zai kai wannan ba sai injin ya hau wani mataki, wanda za ka ga an yi masa alama a agogon injin. A Massey 375 wajen 1,800 ne, a ƙananan Japan galibi ya haura 2,000. In ka rage totur don taya ta yi sannu, ka rage wa wuƙaƙen rotabeta gudu daidai gwargwado, ka kuma rage wa injin ƙarfi. Ba ka ci ribar komai ba. Abin da kake so shi ne injin ya tsaya a kan ƙarfinsa, wuƙaƙe su yi ta sara da cikakken gudu, taya ita kaɗai ta rage sauri. Wannan shi ne dukan aikin kunkuru da dodon koɗi. Rurin da ka ji injin yana yi alhali taraktar tana jan ciki, haka aka so ya yi.

Bari in nuna maka da ƙasar gonarka. Mu ce gangar rotabeta tana juyi 200 a minti, kuma wuƙa uku ne suke bin layi ɗaya, sara 600 ke nan a minti. In kana tafiyar kilomita 4 a awa, kowace wuƙa tana yanko kusan santimita 11 na ƙasa, sai ka waiwaya ka ga manyan hoge. A kilomita 2, santimita 5 da rabi. A kilomita 1, bai kai santimita 3 ba, ƙasa ta yi lukui. Injin bai canza ba, wuƙaƙe ba su canza ba, giya kawai ka sauya. Wanda ya gane wannan lissafin ya gama sanin rotabeta. Mutanen Japan sun ƙera waɗannan ƙananan ne saboda 'yan gonakinsu na shinkafa, inda kusan duk aikin da rotabeta ake yi, shi ya sa giyoyinsu suka taru a ƙasa-ƙasa, kuma da yawansu fitiyonsu ma yana da nasa lambobin, uku ko huɗu. In taka tana da su, zauna a lamba ɗaya sai in da dalili.

Amma fa kada ka ɗauka laushi shi ne kyau ko da yaushe. Ƙasarmu ta Kano, in ka bar fadama, rairayi ya fi yawa a cikinta. In ka mai da ita gari, iskar hunturu ta kwashi rabonta, ruwan farko kuma ya daddaɓe samanta ta yi ɓawo, iri ya kasa ɓullowa. Ga kuma lokaci da man gas. Rotabeta mai faɗin mita 1.2 a kilomita 2 a awa tana gama hekta ɗaya cikin awa huɗu da 'yan mintuna, ban da juyawa a bakin gona. A rabin kilomita a awa, hektar nan sai ta ci kusan awa 17, injin yana shan mai duk tsawon lokacin. Saboda haka mafi yawan aikinka a Kura, kunkuru lamba ɗaya, biyu ko uku ya wadatar. Dodon koɗi sai ka iske busasshiyar laka da ta yi tauri kamar daɓe, inda rotabeta take tsalle tana ingiza taraktar gaba.

Asalin inda giyar rarrafe take da rana shi ne aikin da mutum ko na'ura ke buƙatar lokaci a kan kowane taku. Ɗauki injin dashe, wanda mutane suke zama a bayansa suna saka irin tumatir ɗaya bayan ɗaya. In mutum yana saka ɗaya duk daƙiƙa biyu, kuma ana son tazarar santimita 40, to taraktar ba za ta wuce mita 12 a minti ba, wato ƙasa da kilomita ɗaya a awa. Haka injin haƙa siririn rami na binne bututun ruwa, da mai shimfiɗa leda a kan kunya, da mai tone dankali, da ranar ɗiba in ana so tirela marar nauyi ta bi masu kwanduna a hankali a fili shimfiɗaɗɗe. In ba ka yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ka shekara ba ka taɓa sandar ba, kuma ba ka yi asarar komai ba. Ka dai riƙa motsa ta lokaci-lokaci injin yana kashe, ka ɗiga mata mai a gaɓoɓi, don ƙurar Kano tana ƙame ta.

To, maganar direbanka. Gaskiya ne duk giyar da ta rage gudu tana ninka ƙarfin murɗa taya. Haka jak yake: ka yi ta buga hannu sau da yawa, mota tana ɗagawa kaɗan-kaɗan, amma yaro ma sai ya ɗaga tan guda. A lissafinmu na ɗazu, daga 24 zuwa 1,200 ninki 50 ne. Inda maganar ta kuskure shi ne, wannan ƙarfin sai ya bi ta cikin ƙarfe kafin ya isa ƙasa, kuma ƙarfen da ke juya tayar baya da haƙoran da ke kusa da shi an yi su ne daidai jikin tarakta mai doki 25. Abin da tarakta za ta iya ja nauyinta ne da kamun tayarta suke yanke shi. Tun a kunkuru lamba ɗaya ta riga ta sami ƙarfin da ya isa ta kwarzane ƙasa da tayarta. Abin da ka ƙara a kan wannan ba zai ja komai ba, zai nemi inda zai fita ne kawai.

A giyar sama, in kaya ya fi ƙarfin tarakta, injin ne yake mutuwa. Wannan mutuwar rahama ce, kamar fiyus ne da yake ƙonewa ya ceci gida. A giyar rarrafe injin ba ya ko jin an ɗora masa wani abu, muryarsa ba ta sauyawa. In taya ta sami sulɓi ta juya a banza, ka tsira. In kuwa ta kama ƙasa gam, sai wani abu ya ba da kai.

Wata shekara an kawo mini irin taka a bayan mota. An je share fili za a yi gini, aka ɗaura mata sarƙa a kututturen darbejiya, ƙasa busasshiya, an kuma sa mutum biyu sun hau baya don taya ta kama. Direban ya ce mini bai ji komai ba sai wani ƙas, kamar an karya rake, sai taya ɗaya ta tsaya. Da muka buɗe, ƙarfen tayar, mai kaurin wuyan hannuna, ya murɗe kamar tufkar igiya kafin ya tsinke, tsagogin jikinsa duk sun karkace, bakin karayar yana ƙyalli. Mun zaga Ƙofar Ruwa, an aika Legas, sai da taraktar ta yi wata uku a kan duwatsu kafin a sami na wata da aka farke. Damina ta wuce mai ita. Shi ya sa littattafan masu ƙira suke hana amfani da giyar rarrafe wajen jan tirela mai kaya, da turin ƙasa, da hawa ko sauka daga mota.

Kuma wannan mai taraktar ya yi arziki da ƙarfe ne ya karye. In taya ta kafe ta ƙi juyawa kuma ƙarfe bai karye ba, to jikin taraktar ne zai juya a kan tayar: gaba ya ɗaga sama ta kifo ta baya a kan direba. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya take wuce inda za a iya ceto a giyar aiki ta yau da kullum. Abin da ya fi jawo shi shi ne ɗaura sarƙa a sama, a wajen da ake maƙala hannun sama na garma, maimakon ƙarfen ja da ke ƙasa. Ja kowane iri, a ƙarfen ƙasan nan ake ɗaura shi, ba a wani wuri ba.

Akwai wani abin da ba kowa ya sani ba. A giyar rarrafe birki ba ya iya tsayar da taya in ba a taka kuloci ba, don ƙarfin da ke murɗa ta ya fi ƙarfin birkin. Kuloci tukuna, sannan birki. Sannan tafiyar hawainiyar nan tana yaudarar mutane. Na ga direba ya sauko yana tafe a gefe yana gyara wani abu a baya, taraktar tana tafiya ita kaɗai. Mai yin mita 6 a minti in ta hau ƙafarka ba za ta tsaya ba, sannu a hankali za ta bi ta kanka. Shi kuwa fitiyo a 540 juyi tara yake yi a daƙiƙa guda. Bakin babbar riga, ko jelar rawani, ko hannun kaftani ya taɓa shi, kafin mutum ya yi salati ya naɗe shi. Wanda zai yi aiki kusa da shi ya sa kaya ɗamammu, kuma a kashe shi kafin a sauka daga kujera. Ina roƙonka ka faɗa wa yaran gonarka wannan da bakinka.

In ta kafe a taɓo, abin yi daban ne. Ɗaga abin da ke baya daga ƙasa. In mai jan ƙafa huɗu ce, sa giyar da ke jan tayoyin gaba. Akwai 'yar feda a wajen diddigen ƙafar dama wadda take kulle tayoyin baya su juya tare. A taka ta tun tayoyin suna tsaye ko suna juyi a hankali, kada a taka ɗaya tana wulwulawa, kuma kada a karya kwana tana kulle. Sa kunkuru, ka fita da ribas ta inda ka shigo, totur madaidaici. In ta fara haƙa rami tana nutsewa, tsaya, a sa shebur a buɗe bayan taya a zuba itace ko duwatsu, ko a nemo babbar tarakta ta ja ta. Dabarar nan ta ɗaure gungume a jikin tayar baya don ta taka shi ta fito, a bar ta har abada, ita ce kifewar da na faɗa maka.

Zomo kuma na hanya ne. In za ka fito kan titin Zariya, haɗa fedojin birki biyu da ɗan maratayinsu, don taka ɗaya a guje yana juyar da tarakta. In da tirela mai kaya, a zaɓi giyar da za ta iya tashi da ita daga tsaye, tun da ba a sauya zango ana tafiya. A gangare, giyar da za ka hau da ita da ita za ka sauka, kuma ba a sa firi, ba a taka kuloci a bar ta ta gangara. In tana kunkuru ka taka kuloci ta ɗauki gudu, lissafin nan namu yana juyawa ne: taya ce take juya farantin kuloci, ninki ɗari ko fiye, har ya wuce abin da zai iya ɗauka ya tarwatse a ƙarƙashin ƙafafunka.

Wataƙila wani mai karatu tasa ba ta da babbar sanda sam, feda ce ta gaba da ta baya, sai sandar L, M, H. Wannan da mai take tafiya: famfo yana tura mai zuwa wani abu da ke juya taya, fedar kuma tana ƙara ko rage yawan man da ake turawa. Irin wannan tana iya rarrafe ba tare da dodon koɗi ba. Abin lura, fedarta ba totur ba ce, giya ce. Taka ta da yawa kamar hawa babbar lamba ne. In aiki ya yi nauyi sai a sassauta ƙafa, in an danna sai ta yi kuka man ya yi zafi. Aikin ƙasa duk a L ake yinsa, ita ma kuma sai an tsaya ake sauya zango.

Tun da taka ta hannu ce, mai yiwuwa takardar gudun da ake liƙawa a jikin murfin taya ta goge ko da rubutun Japan take. Yi taka da kanka. Ranar da ka je Kura, auna mita 20 a cikin gona ka kafa sanda biyu. Sa injin a kan alamar 540, rotabeta tana cikin ƙasa, ka bi tsakanin sandunan da kowace giya kana duba agogon wayarka. Raba 72 da daƙiƙoƙin da ka samu, abin da ya fito shi ne kilomita a awa: daƙiƙa 72 kilomita 1, daƙiƙa 36 kilomita 2, daƙiƙa 12 kilomita 6. Rotabeta tana son 1 zuwa 3, garma da rija wajen 4 zuwa 6 in injin ya ɗauka, haro mai faranti ya fi son ɗan sauri don ya watsa ƙasa. Bayan kowane bi, tsuguna ka ɗebi ƙasar a hannu ka ga wace giya ce ta ba ka irin laushin da albasa ko tumatirinka ke so. Ka saurari injin kuma: in ka ƙara lamba ya sauke murya yana hayaƙi bai farfaɗo ba, koma lambar da ka baro. Rubuta abin da ka samu da fenti a jikin murfin taya inda direba zai riƙa gani.

Kafin ka tafi, zare ma'aunin man giya ka duba. A irin waɗannan, mai ɗaya ne yake wa giya aiki, ya ɗaga hannayen baya, a wasu ma har birki a cikinsa yake, don haka man giyar babbar mota mai kauri bai dace da ita ba, sai wanda aka yi don giya da haidirolik na tarakta. Waɗannan taraktocin kuwa rayuwarsu ta farko a cikin ruwan shinkafa suka yi ta. In ka ga man ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a zubar a wanke matatar a zuba sabo kafin ta sake shiga gona.